Gudun Yasira Bai Tsaya A Kasuwa Ba

"Mi kika ce, Murja?"

Allurar da Yasira ke maƙala lambarta ta tsere da ita ta soke ta a yatsa, ba ta ma ji ba.

Murja ta gyara zaman jakunkunan 'yan tsere da aka ba ta ajiya, ta langaɓe kai kamar mai shirin kuka.

"Wallahi na ɗauka kin sani, ƙawata. Yau da hantsi su Baffa Modibbo za su kai goron Illo gidanmu. Inna Kande ce ta matsa, ni ba yadda na iya..."

"Illo? Illona?"

"Kin san dama ba ta son ki. Ta ce macen da ke gudu a titi ba ta zaman aure."



Shekara biyu ke nan suna tare da Illo, makanikin injin jirgin ruwa a bakin tafkin Yelwa. Ita malamar firamare ce, kullum bayan asuba tana gudunta a gefen ruwa, daga wurin masu banda kifi har gonakin albasa. Can ya fara ganin ta, ya saki baki har sifana ta faɗa masa ruwa. Mahaifiyarsa Inna Kande ce ta ƙi maganar tun farko, tana son ya ɗauki Murja, ɗiyar ƙanwarta. Amma ko jiya da yamma sai da ya ce mata, "Hasken idona, gobe ina bakin kasuwa ina jiran ki, kuma ina da albishir."

Ashe albishir ɗin ke nan!

Ta ciro waya ta kira mahaifiyarta.

"Inna... Illo ya ci amanata. Gidan su Murja za su kai goro. Ki gaya wa Baba, ko duniya ya kawo ba na son shi!"

"Ke Yasira, tsaya ki ji, ai..."

Ta katse. Ta danna wa Illo saƙon murya, kalma huɗu kacal: "Allah ya isa, Illo."

Ta kashe wayar, ta jefa cikin jakarta da ke hannun Murja.

Usur ya tashi.

Tseren bai da wani girma. Ƙungiyar matasan gari ce ta shirya shi, kilomita goma daga kan hanyar Bin Yauri zuwa bakin kasuwar Yelwa. Maza sun kai sittin, mata goma sha bakwai. An tare hanya, ba mota ba babur sai an gama. Wata huɗu Yasira ta yi tana shirin wannan rana, amma da aka saki mutane ba ta san lokacin da ƙafafunta suka fara ba.

Kilomita ta farko da kuka ta yi ta.

A ta uku ciwo ya soke ta a haƙarƙari, ta dafe wurin ta ci gaba. Wandonta mai faɗi ya fara nauyi da gumi, ɗan hijabinta ya manne a wuya. Mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna kallo, wata tsohuwa ta rangaɗa mata guɗa.

Laraba, ma'aikaciyar jinya da ta zo daga Wara, ta matso kusa da ita.

"Malama, lafiya? Numfashinki ba daidai ba. Ja da hanci."

"Lafiya lau."

"Lafiya da hawaye?"

Yasira ta ƙara wuta. Ta wuce mace ɗaya, ta wuce biyu, ta wuce wasu samari da suka fara da zafi suka koma tafiya. Haushi ne ke tura ta. Kowane taku sai ta ji kamar kan alkawuran Illo take takawa.

Sun wuce alamar kilomita bakwai ke nan ta hango wani mutum yana tahowa a guje ta inda ake nufa. Farar shadda ce a jikinsa, hula a hannu, takalmi sau ciki na fata. Masu kula da hanya suna ta ɗaga masa tuta, bai kula su ba.



Illo!

Ya juyo ya jera da ita yana haki kamar zai shiɗe.

"Yasira... tsaya..."

"Matsa mini!"

"Wa ya... gaya miki?"

"Amaryarka! Ka tafi wurinta!"

"Wace amarya? Innalillahi... Gidanku za a kai goron! Gidanku, Yasira!"

Ƙafarta ta harɗe, saura kaɗan ta kifa. Laraba da ke baya ta tallabo ta.

"Ƙarya kake..."

"Na rantse da wanda ya halicce ni! Wata uku... ina roƙon Inna. Baffana Modibbo ya sa baki... ta yarda ran Talata. Babanki ya sani, Innarki ta sani. Ni na ce a ɓoye miki... sai kin gama tsere... kada hankalinki ya rabu."

"Murja ta ce..."

"Murja na wurin aka yanke maganar! Ta fita tana kuka!"

Yasira ta tuna muryar Innarta tana cewa ta tsaya ta ji. Ta tuna yadda ta katse ta.

"Na shiga uku... Illo, na aika wa Baba cewa ba na son ka!"

"Na sani. Na kira shi." Ya ja numfashi. "Ya ce wasa muke da mutuncinshi... gida biyu goro ɗaya. Ya ce ɗiyarshi da bakinta ta ƙi, su zo su koma da kayansu. Baffa ba ya riƙe waya... sun riga sun fita. In aka kore shi yau, wallahi Inna ba za ta sake yarda ba har abada."

"Ƙarfe nawa za su isa?"

"Goma."

Laraba ta duba agogon hannunta ba tare da an tambaye ta ba.

"Saura minti goma sha takwas."

Gidan su Yasira na can bayan kasuwa, ya ɗara kilomita guda daga inda tseren zai ƙare. Ba babur a hanya. Wayarta na hannun Murja, Baba kuma ya daina ɗaukar kiran Illo.

Illo ya yi ta maza ya bi ta har wajen gidan mai, nan takalmin ya gama da shi. Ya durƙushe a gefen titi, jini na tsattsafowa ta dugadugansa.

"Masoyi!"

"Kar ki tsaya! Ni ba za su saurare ni ba... bakinki Baba ke jira. Tafi, rabin raina, tafi!"

Ta tafi.

Ba ta taɓa sanin akwai irin wannan gudun a jikinta ba. Ƙirjinta kamar an zuba barkono, cinyoyinta sun daina jin komai. Ta wuce macen da ke ta uku a kan kwana. Warin kifi da hayaƙin banda suka tarbe ta, sai ga taron bakin kasuwa, lasifika na ta ƙara.

"Ga lamba talatin da ɗaya! Malama Yasira! Ta uku a mata! A tafa mata!"

Wata ta miƙo mata ruwan leda, wani ya taho da abin ratayawa a wuya.

Ta bi ta tsakaninsu ta wuce.

Mai lasifika ya yi shiru, sannan ya daka ihu.

"Malama! An gama! Nan ne ƙarshe! Jama'a ku gaya mata an gama!"

Ta kutsa layin masu albasa, ta tsallake kwandon tumatir, ta bi lungun maƙera. Mutane na darewa suna salati, wasu suka ɗauka gobara ce.

Tana shawo kwanar gidansu ta ga abin da take tsoro. Dattawa uku sun fito daga zaure fuska a murtuke. An riga an ɗaure huhun goro a bayan babur. Baffa Modibbo, dogo mai farin gemu, yana saka takalmi. Babanta, Malam Sanusi, na tsaye bakin ƙofa hannu a baya.

"Baba!"

Ta zube a gabansu, gwiwa biyu a ƙasa, lamba na lilo a ƙirjinta.

"Subhanallahi!" Malam Sanusi ya ja da baya. "Mi ya koro ki?"

Magana ta ƙi fita. Ta buɗe baki, iska kawai.

Inna ta fito da gudu da kofin ruwa, ta shafa mata a fuska.

"Baba... ƙarya aka yi mini... Murja ce. Na janye... na janye abin da na ce."

"Ke da bakinki kika ce ba ki son shi."

Kunya ta rufe ta. A gaban dattawa, a gaban mahaifinta! Ta sunkuyar da kai har goshinta na taɓa ƙasa.

"Ina son shi, Baba."



Baffa Modibbo ya dube ta, ya dubi Malam Sanusi.

"Daga ina yarinyar ga take?"

"Daga hanyar Bin Yauri," Inna ta amsa tana share hawaye. "Da ƙafa."

"Da ƙafa?" Dattijon ya riƙe gemu. "Don kada mu koma da goro?"

Sai ya cire takalmin da ya saka.

"Ku kwance kayan nan. Malam, mu koma ciki. Mun yi fushi a kan zancen da ba mu bincika ba, mu da ku duka. Ita kuwa waccan mai haɗa wuta, ni zan je gidan ubanta da kaina."

Malam Sanusi ya sauke ajiyar zuciya, ya kauce daga bakin ƙofa.

"Bismillah. Ke kuma tashi ki shiga, kin tara mana unguwa."

Murja ba ta jira zuwan Baffa ba. Kafin azahar ta bar jakunkunan mutane a hannun wani, ta hau motar Shanga wurin kakarta.

Da la'asar sai ga Inna Kande da kanta, ta zo ganin yarinyar da duk gari ke zancenta. Yasira na zaune tsakar gida ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ta yunƙura za ta durƙusa, cinyoyi suka ƙi, ta koma daɓas.

"Zauna abinki," tsohuwar ta ce tana ƙare mata kallo. "Wancan ma yana can kwance, an naɗe mai ƙafa kamar kuturu, sai sambatun sunanki yake."

Yasira ta rufe fuska da mayafi.

Inna Kande ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya.

"Ni na goyi Murja, ban san haka cikinta yake ba. Ke kuma ban taɓa zama da ke ba na yanke miki hukunci."

Ta miƙa hannu.

"Kawo ƙafar, ɗiyata. Bayan ƙaramar Salla za a ɗaura, ba na son amarya ta shigo mini gida tana ɗingishi."