Ba A Ce Kot Ba

Jakarta kawai ta tafi ɗaukowa. Wani sakarai cikin masu shirya wurin ɗaukar fim ya ga jakar Marlene Tuttle a kan kujera, ya ga ta tsufa ta koɗe, ya ɗauka kayan wasa ce, ya kai ta ɗakin tace zuma da ke can ƙarshen gona ya rataye. Maganin hawan jininta kuwa yana ciki. Rana ta faɗi a bayan filayen Dakota ta Arewa, ma'aikata duk sun taru a gidan gona sun dirar wa fiza, ba wanda ya yi mata ko tayin rakiya. Mai kula da sutura ce ta cusa mata oba-oba, 'yar rediyon da ma'aikata ke kiran juna da ita, a aljihu, wai ko ciwon gwiwarta zai motsa a hanya.

Ko rigar wasan ba ta cire ba. Doguwar riga ce ruwan ɗorawa, irin wadda ta saka tana budurwa a fim ɗin Mai Zuma na farko, lokacin da ta fito a matsayin Penny, yarinyar da ita kaɗai ta tsira. Yanzu ga furfura ga ciwon gwiwa, an sake ɗinka mata irinta sak.

Mai Zuma kashi na goma sha biyu, jama'a. Ƙato ne da farin kayan masu kiwon zuma, da raga a fuska, da gwangwanin hayaƙi a hannu ɗaya, da wuƙar yankan saƙa a ɗayan. Aikinsa kenan, ya bi 'yan makaranta marasa wayo yana yankawa. An ƙona shi ya tashi. An zuba masa kankare ya tashi. A wani kashin suka kai shi gasar sarauniyar kyau, a wani suka ce ashe tagwaye ne. Mutane da hankalinsu su sayi tikiti da guggurun masara, su zauna su kalli abu ɗaya shekara da shekaru. Marlene ta tsani fim ɗin, ta tsani masu yin sa, masu kallon ma ba ta bar su ba. Ko kanti ta shiga sayen madara sai wani gardi mai tumbi ya tare ta yana washe baki, wai don Allah ta ɗan yi masa ihun Penny.

Abu ɗaya ne ya dawo da ita. Sabon darakta, Corbin Haskell, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi na farkon, ya yi mata alkawarin a wannan karon Penny za ta mutu.

"Tushe za mu koma, Madam Marlene," in ji shi. "Ainihin gonar, ainihin ɗakin. Wannan fim ai addini ne a wurina."

"To ka nemi wani addinin, yaro. Mun yi shi ne don ba mai ba mu aikin kirki. Ka kashe ni kawai in huta."

Hanyar ɗakin ta bi ta tsakiyar tsofaffin amya, akwatunan katako da suka ruɓe suka karkace. Tun da daɗewa ba ƙudan zuma ko ɗaya a gonar, Corbin ma ya ce da kwamfuta zai zana su daga baya. Ciyawa na gogar ƙafarta. Dariyar 'yan gidan gona ta yi ta raguwa har ta daina jin ta.

Sauran kashin duk a wasu wurare aka ɗauke su, rabonta da gonar tun na farko. Da rana ma ta ƙi leƙa ɗakin, ta ce wa Corbin ba ta buƙatar gwaji kafin ta mutu. Gaskiyar maganar ita ce Wendell Crabb.

Wendell ne ya fara saka ragar. Direban babbar mota ne, mai ɗingishi, ba ya rabuwa da alewar na'ana'a a baki, kuma bai taɓa ɓata ɗauka ba. In darakta ya ce akshin, wato a fara, to ko gidan ya kama da wuta ba zai fasa ba sai an ce kot, wato a tsaya. A fitowa ta ƙarshe an ajiye shi a duhun ɗakin nan, an ce kada ya motsa sai Penny ta tako ciki. A lokacin zuma ta gaske ake kwarara wa mai ragar a jiki, don ta fi ta jabu araha. Kyamara na bin Marlene daga nesa tana tahowa a hankali, ashe zumar ta sami ɓaraka a wuyan ragarsa ta cika ciki. Bawan Allahn nan ko tari bai yi ba. Tana buɗe ƙofa ya zube a gabanta. Aka yi ta guje-guje, aka kira motar asibiti, aka ɗauki gawa. Masu fim suka yanka suka liƙa, suka saki abinsu, ya yi kasuwa.

Ta tsaya a bakin ƙofar tana haki. Ta tura. Ƙofar ta yi ƙara.

Ga jakar can a rataye jikin ƙusa, a bangon ciki. Ta tsallake dokin ƙofa ta shiga.

Warin kakin zuma ya doki hancinta, tare da hayaƙin buhu mai ci a hankali. A kusurwa akwai wani fari a tsaye, kansa ya kusa taɓa rufi.

Gabanta ya faɗi, sai kuma haushi ya kama ta. Lyle ne mana, tsohon ɗan kokawar da aka ɗauko ya saka ragar a bana.

"Kai Lyle, ba ka da aikin yi ne? Corbin ne ya turo ka ka razana tsohuwa don ya ɗauka da waya ya watsa? Ku dai kun ji kunya. Ka gaya masa na ga abin da ya fi wannan a wurin likitan haƙori."

Hayaƙi na fita siriri daga gwangwanin.

"Kuma ba haka ake tsayuwar ba. Wanda ya iya ta ya mutu."

Ta fizgi jakarta. Oba-oba ta yi ƙara a aljihunta, murya ta fito, bakin mai maganar cike da abinci.

"Madam Marlene, Lyle ne. A ajiye miki mai naman kaza ko mai cuku? Yaran nan za su cinye."

Ta sake duban farin da ke tsaye a kusurwa.

Sai yanzu ta ji sautin. Wani gunji ne ƙasa-ƙasa, kamar na firiji a ɗakin da ba kowa. Daga cikin ragar yake fitowa. Ragar kuma motsi take yi, baƙaƙen abubuwa na hawa da sauka ta ciki.

Ƙamshin na'ana'a ya ratso hayaƙin.

"Wendell," ta ce a hankali.

Ya ɗaga ƙafa. Ƙafar hagu ta biyo baya tana jan ƙasa.

Ta fita da baya-baya, kafaɗarta ta bugi ƙofa, ta juya ta kama hanya. Shekara nawa tana yi wa tafiyar nan dariya a gaban 'yan jarida, wai wane irin mai kisa ne ba ya gudu. Yau ta gane ba ya buƙata. Gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa. Fitilun gidan gona suna can nesa, 'yan mitsi-mitsi.

Taku a bayanta, sai jan ƙafa. Taku, sai jan ƙafa.

Wani abu ya sauka a wuyanta, ya yi tafiya, ya harbe ta.

A nan abin ya faɗo mata. An ce masa akshin, an ce ya jira Penny ta tako ciki. Ranar ba ta tako ba. Kuma a cikin rububin nan, ba wanda ya tuna ya ce kot. Duk shekarun nan a tsaye yake yana jiran ta.

"Kot," ta ce, ba ta waiwaya ba. "Kot, Wendell. An gama."

Taku, sai jan ƙafa. Wendell bai taɓa karɓar wannan kalma daga bakin 'yar wasa ba, sai daga darakta.

Ta zaro oba-oba. "Lyle, ba ni Corbin."

"Yana cin abinci, Madam."

"Ba ni shi."

Ƙafarta ta sarƙe da wani ruɓaɓɓen katako, ta kife. Faɗuwar nan da ta fi raina wa 'yan matan fim ɗin, ita ce yau ta yi ta a cikin ciyawa, da rigarta ruwan ɗorawa.

"Madam Marlene, lafiya?" Muryar Corbin ce, yana tauna.

"Ka ce kot."

"Kot na me? Ai ba ɗauka muke ba."

"Ka faɗa kawai."

Ya yi 'yar dariya. "Wai gwaji kike ke kaɗai? Kin ga, na san a zuciyarki kina son fim ɗin nan. Tsaya in turo kyamara."

Ta juyo ta kwanta rigingine. Yana tsaye a kanta, ya tare sauran hasken sama. Zuma na zubowa daga ƙarƙashin ragar, tana sauka a rigarta, a hannunta, a gefen bakinta. Ya ajiye gwangwanin a ƙasa a tsanake, daidai yadda aka koya masa. Ya ɗaga wuƙar.

"Corbin, ɗan banza, sau ɗaya a rayuwarka ka yi aikin darakta," ta ce cikin raɗa. "Ka faɗa da ƙarfi."

Wuƙar ta taho.

"To, to. Kot!"

Tsinin ya tsaya a kan maɓallin rigarta. Gunjin ya ɗauke ɗif. Kafaɗun ƙaton suka sauko, ya saki wani dogon numfashi irin na wanda ya daɗe da kaya a ka. Ya ja baya kaɗan, ya tsaya, hannuwa a gefe, yana jiran abin da za a ce kuma.

Da jan ciki ta bar wurin. Ba ta miƙe ba sai da hasken gidan gona ya taɓa ta. Lyle ne ya ɗauke ta cak ya shigar da ita, ya cire mata ƙayoyin harbin zuma daga wuya da hannu yana ta mamakin inda ta samo su.

Da safe ta haɗa kayanta. Ta gaya wa Corbin komai, ta roƙe shi, ita da ba ta taɓa roƙon darakta ba, kada ya furta akshin da sunan fim ɗin nan, a gonar ko a wani wuri. Ya saurara idonsa na ƙyalli.

"Madam, wannan labari ki adana shi sai ranar 'yan jarida. Kuma na fasa kashe Penny. Mace mai irin wannan kai ba a kashe ta. In kin tafi ma ba komai, akwai mai kama da ke, daga baya za mu ɗauke ta."

Tana kan hanyar fita a motar haya, gilashi a rufe, ta jiyo lasifikarsa ta ratso gonar, ya ce akshin. Ta duba madubi. Can cikin ciyawa wani farin abu da ke tsaye ya juyo, bai kalli inda kyamarori suke ba, ya fuskanci motarta ya ɗaga ƙafa. Bai yi nisa ba aka ce kot, ya tsaya.

Marlene ta sayar da gidanta ta koma bakin teku a jihar Maine, iyakar inda ƙasar ta ƙare. Ta daina yi wa fim ɗin dariya, ta daina zagin masu kallo a jarida, sai dai ta bi labarin kasuwarsa tana addu'ar ya faɗi warwas. Na goma sha biyun shirme ne, kowa ya faɗa, kuma kowa ya je ya gani. Aka yi na goma sha uku. Duk ranar da ake ɗauka tana zaune bakin taga, tana tunanin nisan da mai ɗingishi zai iya ci tsakanin kalma ɗaya da ɗaya.

Lyle, da yake mutumin kirki ne, yakan kira ta ya sanar da ita in za a fara. A hunturun bana ya kira da rana tsaka, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Tana riƙe da wayar ta ga ƙudan zuma guda yana tafiya a jikin gilashin tagar, ta waje.

"Albishirinki, Madam," in ji Lyle. "Sun gaji da yin sa kashi-kashi. Wannan karon mai dogon zango za su yi, kullum ana ɗauka."