Gwiwar da Nafi'u Ya Ɗaure

"Jama'ar Damargu, salamu alaikum. Attahir tela ne daga Tanut. Yanzu na dawo daga wajen atisayen 'yan kokowarmu, kuma abin da na gani, da ma ban je ba..."

Radiya tana bakin madafa tana tsintar wake, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta san karatun. Kullum bayan azahar mahaifinta zai baje a kan tabarma, ya kara waya a baki kamar mai shan fura, ya aika vokal, wato saƙon murya, cikin gurup ɗin waya na masoya kokowa, mutum ɗari uku da wani abu suna can suna jiransa.

Malam Attahir dai tun da uwarsa ta haife shi ko da rago bai taɓa kokowa ba. Ranar layya ma maƙwabta ake kira su kayar masa. Amma in ya buɗe baki a kan 'yan kokowa, sai ka rantse takobin da ake bai wa zakaran kokowa har uku ne rataye a ɗakinsa. Shi da 'yan fadarsu duk haka suke, manyan tumbuna da kofin shayi, kowa gwani ne a zaune.

Bana ma, kamar kowace shekara bayan an gama kaka, an tara samarin Tanut da Ollelewa da Falanko da Belbeji a wani fili bayan gari. Sati biyu za su yi suna atisaye, sannan a zaɓi waɗanda za su tafi Damagaram neman shiga ekip, wato ƙungiyar 'yan kokowar jiha. Tun ranar farko Attahir ya yanke hukunci cewa babu namiji a cikinsu. Wannan cin tuwo ya zo yi, wancan cinyarsa kamar muciya, mai horar da su kuwa usur kawai ya iya hurawa.

Duk wannan bai dami Radiya ba, sai da ya zo kan mutum ɗaya.

"Sai wani ɗan Belbeji wai shi Nafi'u," in ji shi cikin wayar, yana taɓe baki. "Ya naɗe gwiwar dama da tsumma kamar mai jego. Ni da idona na gan shi yana tsalle da ƙafar nan, lafiyarta lau! Hujja yake tanada tun kafin a kayar da shi. Maƙaryaci ne, kuma matsoraci."

Waken ya zube daga hannunta.

Innarta Balki ce aka bai wa aikin dafa wa 'yan kokowar abinci, Radiya ce mai kaiwa. A nan ta san Nafi'u. Dogo ne, ba ya da yawan magana, ɗan makiyaya ne da ya tashi a bakin rijiya yana jan guga. Sauran in sun gan ta sai su hau buɗa ƙirji da kirari, shi kuwa sai ya taso ya karɓi tukunyar daga kanta ya ce sannu. Sannun nan ce ta shige ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Kafin sati ya cika ya fara zuwa ƙofar gidansu da la'asar, kuma ya gaya mata kawunsa zai zo neman aurenta da zarar an gama zaɓe.

Wata rana ta yi masa faɗa a kan ɗaukar tukunya da ƙafa mai ciwo. Ya yi dariya, ya duba hagu da dama, sannan ya gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba. Ciwon gaskiya ne, amma a gwiwar hagu yake. Wani bijimi ne ya make shi da damina. Da ya ɗaure ta hagun, duk abokin karawa can zai nufa. Shi ya sa ya ɗaure mai lafiyar, kowa ya kai hannu can ya tarar da ƙarfe, shi kuma ya samu ya juya shi.

"Daga ni sai maɗorin da ya duba ni," ya ce. "Sai ke, rabin raina. Ki riƙe min."

Ta ce ta riƙe. Har cikin zuciyarta ta faɗa.

To yau ga mahaifinta ya kira shi maƙaryaci a kunnen mutum ɗari uku. Bai tsaya nan ba, da ya ajiye wayar sai ya juyo wajen Balki ya ce ya ji ƙishin-ƙishin yaron yana zarya a ƙofar gidansa. To a gaya masa, shi Attahir ba zai haɗa jini da mai tsumma ba, ko da mazan duniya sun ƙare wa 'yarsa.

Balki ta ce ya dai bi a hankali, yaron yana da ladabi. Ya ce ladabi ba ya kayar da kowa.

"Baba, ba maƙaryaci ba ne," in ji Radiya. 

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

"Ciwon gaske gare shi."

"A ƙafar da yake tsalle da ita? Ni za ki koya wa kallon kokowa? Tun ba a haife ki ba nake..."

"Ba a ita ba ne, Baba. A ta hagu ne."

Maganar ta riga ta fita. Ta so ta kamo ta, ina. Attahir ya gyara zama, idanunsa suka yi wani haske da ta sani sarai, irin na ranar da ya riga kowa jin labari. Ya lallaɓa ta da murya mai taushi, ita kuma don son ya daina ganin Nafi'u a matsayin matsoraci, ta zayyane masa komai, har da bijimin.

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce lallai yaron yana da kai, wannan dabara ce ta tsofaffin hannu. Ta roƙe shi don Allah don Annabi kada maganar ta wuce tsakar gidan nan. Ya ce haba, shi yaro ne? Har ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka ta gyara abu.

Kwana biyu ya riƙe. A wajen Attahir wannan ma jarumta ce.

A rana ta uku aka taru a fada, wani mai sayar da taya da ake kira Buba, wanda suka daɗe suna hamayya a gurup ɗin, ya ce ai Attahir surutu ne kawai, bai san komai a kokowa ba sai zagi. Aka yi dariya. Attahir ya ji dariyar nan har ƙashinsa. Nan take ya zaro waya, a gaban kowa, ya danna.

Radiya tana wanke tukwane ta ji vokal ɗin yana tashi daga wayar maƙwabciyarsu ta bayan katanga.

"Masu cewa ban san kokowa ba, ku saurara. Tsumman ɗan Belbeji yaudara ce. Ku bar ta dama, ku duba ta hagu, can gawar take. Ni Attahir na faɗa, ku rubuta ku ajiye!"

Ta zauna daɓas a ƙasa, hannunta duk toka. Kafin la'asar saƙon ya kai Ollelewa, ya kai Falanko, ya kai wayar kowane ɗan kokowa da ke filin. Ran nan Nafi'u bai zo ƙofar gida ba. Washegari da ta kai abinci wani ne ya karɓi tukunyar. Ta hango shi can nesa yana ɗaure gwiwarsa ta dama kamar kullum, bai dubi inda take ba. Tsoro da kunya suka hana ta ƙarasawa.

Da ta yi wa mahaifinta magana cikin kuka, cewa ya yi ai bai ambaci sunanta ba. Wai kuma in yaron gwani ne, magana ba za ta kayar da shi ba.

Ranar zaɓe gari ya fito. Makaɗa suna ta kiɗa, 'yan fada sun kame benci na gaba da wayoyinsu a hannu, kowa yana jiran wanda zai faɗi ya samu abin faɗa. Radiya ta tsaya cikin mata a baya, ta cusa gefen mayafinta a baki.

Nafi'u ya kayar da na farko, wani yaro ɗan Falanko da bai gama ƙwari ba. Na biyu aka haɗa shi da Hamidu na Ollelewa, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya daɗe a harkar. Hamidu ko kallon tsumman bai yi ba. Tun daga kamun farko ya duƙa ya nufi hagu.

Nafi'u ya janye, ya sake janyewa. Ya riƙa juyawa yana miƙa masa ƙafar dama, Hamidu yana ƙi. Aka daɗe ana haka har makaɗa suka gaji, filin ya yi tsit. Sau biyu ya kusa ɗaga Hamidu sama, ƙafar ta ƙi ba shi. A na ukun Hamidu ya samu abin da yake nema, ya rungume gwiwar hagun da hannu biyu ya murɗa.

Har inda take ta ji ƙarar. Nafi'u ya faɗi, bai tashi ba.

A bencin gaba kuwa Attahir ne ya miƙe tsaye, yana juyawa yana nuna ƙirjinsa, 'yan fada suna miƙa masa hannu. Har Buba mai taya ya ce ya sallama. Ana ɗauke da yaron mutane a kafaɗa za a fita da shi, su suna can suna gardamar wa ya fara faɗa.

Kwana uku Radiya ba ta iya cin abinci ba. A na huɗu Balki ta dube ta, ta zuba fura a kwano ta ce ta kai gidan maɗori, in babanta ya tambaya ita ta aike ta.

Ta same shi a zaure a kan tabarma, an ɗaure ƙafar da karare tun daga cinya. Kawunsa ya zo daga Belbeji, yana waje yana neman motar da za ta kai su gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, har ya tambayi Inna. Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Ta ce ya yafe mata. Ta gaya masa yadda aka yi, cewa ba ta iya jure jin ana kiransa maƙaryaci ba ne, cewa don shi ta faɗa. Ya saurara har ta gama. Ya ce ya sani, tun ranar da ya ji vokal ɗin ya san ba da mugunta ta yi ba. Maɗori ya ce zai taka, amma kokowa kam ta ƙare.

"Na yafe miki, Radiya, duniya da lahira."

"To kawu... zai je wajen Baba?"

Ya dubi ƙafarsa.

"Na gwada, wallahi. Kwana uku ina gwadawa. Duk sanda na tuna fuskarki sai na ji daɗi, sai kuma na ji muryar babanki. Ba zan iya zama da ke ina auna abin da zan gaya miki ba."

Ta ce za ta canza, ta rantse ba za ta ƙara ba. Ya ce ya yarda da ita. Amma bai ce kawu zai je ba. Da motar ta zo, mutum biyu suka ɗaga shi suka sa a baya, ya ce ta gaida gida. Furar tana nan a zaure inda ta ajiye ta.

Ta dawo gida ta tarar da mahaifinta a tsakar gida cikin fara'a, ya sa sabuwar hula. Tun ranar zaɓe ake ta kiransa, wai har daga Damagaram an ce a riƙa turo musu sharhinsa.

"Yauwa, zo nan 'yar Baba," ya ce. "Na yi tunani a kan yaron nan. Duk wanda ya tsaya wa Hamidu haka da ƙafa ɗaya, namiji ne. A duk tarkacen nan shi kaɗai ne ɗan kokowa, gobe ma zan faɗa a gurup. Ki ce masa ya turo magabatansa, na ba shi."

Ya dubi Balki yana jiran a yaba masa. Balki ta juya ta shige ɗaki.

"Ya tafi, Baba."

"Ina? To ai sai ya warke ya dawo."

"Ba zai dawo ba."

Fara'ar ta ragu. Ya ce wai saboda ɗan vokal ɗin nan? Ai harkar kokowa ce, kowa ya san yadda ake yi. In fushi yake, shi Attahir da kansa zai kira shi ya ba shi haƙuri, har a gurup in ana so.

Radiya ta dube shi. Tun tana ƙarama take jin kunyar haɗa ido da shi, yau ba ta ji ba. Hawaye suna zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ba ya fushi da kai, Baba. Kai kowa ya san halinka, bai taɓa ba ka amanar komai ba. Ni ya bai wa."

Wayar ta yi ƙara a kan tabarma, wani saƙon ya shigo. Attahir ya kai hannu, ya tsaya, ya janye. Ita kuwa ta wuce ɗakin innarta, ta kifa kai a cinyarta, ta yi kukan da ta riƙe tun daga zauren maɗori.