Hatimin Mai Zane

Ranar da Malama ta shiga shagon Mai Zane, kallon hadarin kaji ta yi masa. Ta ajiye jadawalin sinadarai a teburinsa.

"Buga shi da girma, ɗalibaina barci suke in sun gan shi. Kada ka ƙara komai, ba fagenka ba ne."

Ya duba, ya yi murmushi. "Ai Hausa ce a ciki. Ga Ni, ga Ne, ga Ce."

Ta ja tsaki. "Alamomin sinadarai ne, malam."

Bai ji magana ba. Kowane gida na jadawalin ya ba shi launi da hoto: Ne fitilar talla, Na gishiri, Au ɗan kunne. Da ta kai shi aji, sai ga masu hamma suna rububin haɗa kalmomi, suna tambayar wane ƙarfe ne Ga da ke narkewa a tafin hannu.

Sannan saƙonsa ya shigo: "Malamata, I Na S O N K I. Duba jadawalinki, duk suna nan."

Ta amsa: "Sakarci. Amma ka jera daidai." Zuciyarta kuwa tuni ta tafi.

Da maganar aure ta taso, Baba, mahaifinta, ya ce bai san zancen ba. "Mai shafe-shafen fenti? Ga ɗan ƙanwata mai sayar da motoci!"

Shi wannan ɗan ƙanwar, ban da kaɗa makulli ba abin da ya iya. Da ya ga zanen da Malama ta kawo gida a falo, jiki na rawa ya kai gulma: "Kawu, hatimi ne! Dubi gidajen da haruffan. Asiri ya yi mata."

Aka kira Mai Zane, aka shimfiɗa zanen. Baba ya gyara tabarau, ya dangwala yatsa. "Au?"

"Zinare ke nan, Baba."

"Wannan fa?"

Tun ana amsa masa a tsaye har aka zauna. Mai motoci ya gaji da kaɗa makulli, ya sulale.

Can Baba ya taɓe baki. "To wa ma ke son mai fentin nan?"

Malama ta sunkuyar da kai, ta ɗora yatsa kan Ni, sannan kan Ce.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango. "Allah ya yi muku albarka. Hatimin dai nawa ne, a falona zai zauna."