Haruffan da Akuya Ta Cinye

A unguwar Manshiya, cikin garin Sabha, akwai wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba, don ta san ƙofar gidana.

Ciwonta ɗaya ne: wasan haɗa kalmomi.

Ga yadda wasan yake. Ana zuba haruffa cikin jaka. Kowa ya sa hannu ya ɗebi bakwai, ba leƙe. Sai ya haɗa kalma da su a kan kwali mai gida-gida. Mai doguwar kalma shi ke samun maki da yawa.

Irin na kanti ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Don haka malaminsu, Mushe Dauda, ya yi nasa. Mushe suke ce wa malamin boko a can. Ya tara ƙwallon dabino ɗari da ashirin. Ya wanke, ya shanya. Ya rubuta harafi ɗaya a bayan kowanne da farin fenti. Jaka ɗaya tak ce a duk makarantar. Basira, shugabar aji, ita ke ajiye ta cikin kabad.

Tun da yarinyar nan ta koyi wasan, gidansu bai sake hutawa ba. In an aike ta sayen burodi, sai ta tsaya a hanya tana ƙirga haruffa da yatsu. An ce wata rana sai da burodin ya bushe a hannunta, aka fasa shi da guduma.

"Ke, zauna ki ci abinci!" in ji Innarta.

"Inna, kin san tattabara harafi tara ce?"

"Abin da na sani, taliyarki ta huce."

Ran nan, Lahadi, Mushe Dauda ya shigo aji yana murmushi.

"Ranar Alhamis 'yan makarantar Mahdiya za su zo. Za mu yi gasa da su. Mutum ɗaya zai tsaya mana."

Ya nuna yarinyar. Ta yi tsalle har ta kifar da benci.

Da aka tashi, kowa ya fita. Ita kuwa ta tsaya tana kallon kabad. Kwana huɗu kawai suka rage. Ta je ƙofa, ta dawo. Ta sake zuwa ƙofa, ta sake dawowa.

"Aro ne kawai," ta ce wa kanta. "Gobe da sassafe zan mayar."

Ta ɗauki jakar, ta cusa ƙarƙashin hijabinta. Ba ta tambayi kowa ba.

A gida ta ɓuya bayan ɗakin girki. Ta zazzage haruffa a ƙasa. Tana haɗawa, tana wargazawa. Sai ta ji sallama a ƙofa. Babanta ne ya dawo daga Gudduwa, inda yake aiki a gonar dabino, da buhu a kafaɗa.

Ta yi wuf ta tattara haruffan. Baba ba ya ganin baƙon abu a gidansa bai tambayi inda ya fito ba.

Ta duba nan, ta duba can. Sai ta ga tsohon bokitin da Inna ke tara ƙwallon dabino a ciki. Ta yi dariya a ranta. Wa zai nemi ƙwallo a cikin ƙwallaye? Ta kwashe duka ta zuba, ta yamutsa. Ta ɓoye jakar a aljihu. A ganinta, duk yankinsu na Fezzan babu mai wayonta.

Abin da ta manta shi ne dalilin da ya sa Inna ke tara su. A gidansu ba a zubar da ƙwallon dabino. Jiƙa shi ake yi ya kwana, a daka, a ba akuya.

Da safe ƙarar turmi ce ta tashe ta. Gim! Gim! Gim!

Ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Inna! Ina bokitin?"

"Ga shi can, na wanke."

"To ƙwallayen fa?"

Inna ta nuna akuya da taɓarya. Akuya na tsaye, tana tauna a hankali, tana lumshe ido.

"Yau har da wasu masu farin zane na gani," in ji Inna. "Na ce ko tsuntsu ne ya ɓata su."

Yarinya ta durƙusa gaban akuya. Ta kama kunnuwanta, ta leƙa bakinta. Babu ko harafi ɗaya. Maƙwabta sun rantse cewa daga ranar kukan akuyar ya canza, wai har tana ƙoƙarin gaishe da mutane. Ni dai ban ji da kunnena ba.

Hanyar makaranta ba ta taɓa yi mata tsawo haka ba. Ta tsaya ta gyara takalmi sau biyar, alhali silifa ce a ƙafarta.

Ta tarar da aji ya yi tsit. Kabad a buɗe. Basira na tsaye gaban allo, idonta ya cika da hawaye.

"Wallahi, Mushe, a nan na ajiye ta."

"To ta yi fiffike ke nan?" in ji Mushe Dauda. "Wata biyu na yi ina rubuta haruffan nan. In ba a gan su ba, zan kira 'yan Mahdiya in ce kada su zo."

Ya ciro wayarsa ya ajiye a kan tebur.

Yarinya ta zauna. Ta miƙe. Ta sake zama. Ƙafarta na kaɗawa, bencin na ƙara. In ta yi shiru, ba wanda zai sani. Akuya dai ba za ta kai ƙara ba.

Sai hawayen Basira ya gangaro.

"Mushe," in ji yarinyar. Muryarta ta fito siririya. "Ni ce."

Ta ciro jakar daga aljihu. Babu komai a ciki.

"Ina haruffan?"

"Akuyarmu ta cinye."

Aji ya fashe da dariya. Mushe Dauda bai yi ba, ko da yake gashin bakinsa ya ɗan motsa.

"Akuyar ce ta zo ta buɗe kabad?"

"A'a, Mushe. Ni na ɗauka. Ban tambaya ba."

"Da kin tambaya, da na ba ki. Har da kwalin."

Wannan maganar ta fi bulala zafi.

"Ga hukuncinki," ya ce. "Za ki yi mana sabbin haruffa kafin Alhamis. Kuma ba ke za ki tsaya mana ba. Basira ce. Yanzu ki ba ta haƙuri."

Ta juya. "Basira, ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Basira, tana share ido. "Amma ki gaishe da akuyar."

Da yarinyar ta koma gida ta faɗa wa Baba komai. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya tashi ya jawo buhun dabinon da ya zo da shi.

"Laifi naki ne, aiki ma naki ne. Dabino dai nawa ne. Kira 'yan ajinku."

Bayan la'asar yara suka cika tsakar gida. Ba a taɓa ganin hukunci mai zaƙi irin wannan ba. Suna ci, suna jefa ƙwallo a kwano. Wani yaro, Sidi, ya ci talatin shi kaɗai, ya ce don kishin makaranta ne. Sai da aka riƙe shi ya iya miƙewa.

Da suka watse, aiki ya rage mata. Ta wanke ƙwallaye. Ta shanya su a kan rufi, nesa da akuya. Rana ta busar da su kafin azahar ta washegari. Ta karɓo fenti wurin Mushe, ta fiƙe tsinken ashana.

Harafin farko ya karkace, don tana sauri. Na biyu ya dame. Ta gane fenti ba ya son gaggawa. Ta ja numfashi, ta naɗe ƙafa, ta zauna. Inna ta leƙo har sau uku, ta taɓa goshinta ko zazzaɓi ne.

Ranar Alhamis 'yan Mahdiya suka zo da gwaninsu, wani dogo mai suna Hamed. Aka shimfiɗa kwali. Aikin yarinyar shi ne riƙe jaka. Mushe ya ce in ta yi ko tari, za a cire wa Manshiya maki.

Wasa ya yi zafi. Hamed na gaba da maki biyar. Saura ɗiba ɗaya. Basira ta sa hannu ta ɗebo, ta jera a gabanta.

Kallo ɗaya yarinyar ta yi, ta ga kalmar. Barkono! Duk bakwai ɗin! Basira kuwa ba ta gani ba. Tana ta juya haruffa, tana sosa kai.

Kalmar ta hau wuyan yarinyar, ta zo bakinta. Ta cije leɓe. Ta matse jaka da hannu biyu. Ta kafa ido a rufin aji.

Can sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Basira na jera ƙwallaye a kan kwali.

"Barkono," in ji Basira.

Aji ya kaure da ihu. Yarinyar ta fi kowa tsalle. Ta rungume Basira har suka faɗi tare.

Mushe Dauda ya ɗaga harafi ɗaya, ya duba shi da kyau.

"Rubutunki ya fi nawa," ya ce wa yarinyar. "Wata mai zuwa mu za mu je Mahdiya. Ke za ki tsaya mana. Me kika koya?"

"Abin da ba nawa ba, ko ina sonsa kamar me, sai na tambaya kafin in taɓa. In kuma na yi laifi, in faɗa da bakina, kada wani ya sha kuka a kansa."

"Madalla."

Ta murza jakar a hannunta.

"Mushe, don Allah, ko za ka ara mini ita yau? Ni da Basira za mu yi gwaji."

"Ɗauki," ya ce. "Ki dawo da ita ranar Lahadi."