Jar Wutar Motar Ilu

Ku matso kusa. Sahura, rage fitilar nan, hayaƙi take yi.

Duk garejin Malumfashi, ku je ku tambaya, babu wutar dashbod da ta taɓa gagarar Sallau mai wayarin. Ja ce, ruwan ɗorawa ce, mai ƙiftawa ce, minti biyar na kashe ta. Kun san yadda nake yi? In zare ƙwan. In ya ƙi fita, in manna baƙin salatif a kai. Direba ya ga duhu ya ce Sallau aljani ne.

To, dariyar ta isa.

Ilu abokina ne, direban tasha. Tare muka gudu daga firamare. Wata ranar kasuwa ya shigo gareji a gurguje.

"Sallau, jar nan mai da'ira ta dame ni. Fasinja sai salati suke."

"Ka sauke birkin hannu?"

"Na sauke mana, ɗan banza. Yau na fara tuƙi?"

Wannan wutar abu biyu take faɗa: ko birkin hannu na sama, ko man birki ya yi ƙasa. Na sani sarai. Buɗe bonet kawai zan yi. Amma shayina na hucewa. Na zura hannu na zare ƙwan, na wurga a kwata, na ce, "Je ka, ta warke." Ya ce zai taho min da rake.

A dawowa shi kaɗai ne. A gangaren gadar Rafin Marke motar ta ƙwace, ta faɗa ƙasa. Ko alamar taya babu a kwalta. Da aka fito da shi, an ga rake biyu a kujerar baya.

Bayan sadakar arba'in na biyo hanyar a babur, daf da magariba. Ina hawa gadar, babur ya mutu. Kwaɗi ma suka yi shiru. Sai ga mota a gefen titi. Motar Ilu. Ko ƙwarzane babu. Wani tsoho na tsaye jikinta.

Bakinsa ya motsa. Sai da ya rufe shi sannan maganar ta iso.

"Mai gyara. Wuta na ƙifta mana."

Na leƙa. Babu makulli. Jar wutar tana yi, wal, wal. Ni da na cire ƙwan da hannuna.

"Baba, ni wucewa nake."

"A kan ɗakinmu motar nan ta faɗo. Jikata na ciki tana barci. Tun ranar ba mu runtsa ba, wutar nan ta hana." Ya dubi yamma. "Kafin jan sama ya ɓace ka gyara. In ba haka ba, kai za ka gangara da ita."

Hannuna ya tafi aljihu wajen salatif. Tsohon ya ce, "A'a. Tambaye ta abin da take so."

Na buɗe bonet. Kofin man birki a bushe. Na kwanta na shiga ƙarƙashi, ina bin bututun da yatsa har tayar baya. Nan na ji danshi. Noti ne ya saki. Na sa sifana. Juyi biyu. Juyi biyu kawai, yara, shi ne ran Ilu.

Daga ƙarƙashin mota ƙafafu kaɗai kake gani. Na ga na tsohon. Kofato ne, kuma ba su taɓa ƙasa ba.

Tun rasuwar ba na rabuwa da gwangwanin man birki. Na cika kofin. Amma aikin na mutum biyu ne: ɗaya na ƙasa yana fitar da iska, ɗaya na ciki yana taka birki. Na koma ƙasa. Don sabo bakina ya ce, "Taka uku, ka riƙe."

Aka taka. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Kofaton tsoho suna nan kusa da kaina, ba su motsa ba. Kuma duk duniya mutum ɗaya ne in na ce uku yake yin huɗu, don ya ji na zage shi.

Na ce, "Ilu."

Aka ci gaba da riƙe birkin.

"Ilu, shayi ne fa. Shayi kawai."

Mai ya tsarto, babu kumfa. Na ɗaure. Na ce, "Saki." Aka saki a hankali.

Da na fito wutar ta mutu. Kujerar direba ba kowa, sai lotsawar zama tana tasowa. Tsohon ya miƙo min ƙwan nan da na jefar. Ga shi, ku taɓa. Da na ɗaga kai, babu shi, babu mota.

Tun ranar ban sake rufe bakin wata wuta ba. Ku ma in ja ta kama, ku tsaya. Kuma kada wanda ya bi gadar Rafin Marke shi kaɗai da magariba, ko da gudu.

"Yaya Sallau."

Mene ne kuma, Sahura?

"Ka ce a kwata ka jefar, sai bayan arba'in tsoho ya ba ka. Ai Gwaggo ta ce ranar jana'izar Ilu ta tsince shi a aljihunka lokacin da za ta yi wanki. Ka ƙwace, ka shige ɗaki, kwana biyu ba ka fito ba."

Na ce ki rage fitilar nan. Hayaƙi na shigar min ido.