Anti Mage da Malam Shiru

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, a durƙushe take a kan kafet, gwiwa da hannu a ƙasa, da kunnuwan roba a saman ɗankwalinta, tana cewa "miyau" da iya gaskiyarta.

Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun Shalele, 'yar yayarsa, yana sake duba allon bango ko ɗaki ya ɓata. Bai ɓata ba. Nan ne ɗakin koya wa yara magana, mai rarrafen kuma ita ce malamar da likita ya turo su wurinta. Yara suna kiranta Anti Mage.

"Yanzu a kan wannan aka yi digiri?" ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

Ta ɗago ta kalle shi sama da ƙasa. "Har da na biyu. Cire takalminka, Toka ba ta son datti."

Toka kyanwa ce mai launin sunanta, tana kwance cikin keji tana hamma. A gefenta zomo ne yake taunar ganye, ko a jikinsa.

Shalele ta kusa isa shiga makaranta, amma kalmomin bakinta ba su cika hannu ɗaya ba. Tana ji sarai. A gida dai da ta nuna abu da yatsa, kafin ta sauke hannu manya sun yi rige-rigen miƙo mata. Kakarta Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci: jinin gidansu ne, su ba mutanen surutu ba ne. Gaskiya ta faɗa ta wani ɓangaren, don a gidan ita kaɗai ke magana, sauran aikinsu gyaɗa kai.

Yarinyar na ganin Toka ta miƙa yatsa. Injiniya ya zabura zai buɗe kejin.

"Zauna, Malam," in ji Anti Mage. "Ɗakin nan doka ɗaya gare shi. Ba mai magana a madadin wani. Jira ake yi."

Ta tsuguna daidai tsayin Shalele, ta ɗora hannu a kan sakatar kejin, ta ce, "Bu-ɗe," sannan ta yi shiru tana kallonta da fara'a. Shirun ya yi tsawo har Injiniya ya fara zufa. Can sai leɓɓan yarinyar suka haɗu. "Bu."

Sakata ta buɗe nan take, Toka ta fito tana miƙa. Shalele ta ƙyalƙyale da dariya, kawunta kuma ya nemi rainin da ya shigo da shi ya rasa inda ya ajiye.

Da ma yayarsa ce ta roƙe shi ya kawo yarinyar sau ɗaya, saboda aikin asibiti ya riƙe ta. Sai ga shi duk mako shi ne da kansa, har da sabon aski. Ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa, yana kallon yadda ake taje Toka ana cewa "sama, ƙasa". Ya ga ana hura gashin tsuntsu don kyanwa ta cafke, leɓɓan Shalele suna ƙara ƙarfi ba ta sani ba. Ya ga ana ɓoye ganyen zomo, ba a ba shi sai ta ce "ci", in ya cinye ta ce "ƙara". Wata rana aka ɗaura wa Injiniya bandeji a hannu, aka ce shi ne karen da ba shi da lafiya. Mutumin da ke gina gadoji ya yi haushi har sau biyu.

Baki dai bai iya ba, amma a rubuta saƙon waya zaki ne.

"Malamata, yau Shalele ta ce 'Kawu'. Na tsaya a gefen titi na yi kuka. Kada ki gaya wa Toka."

"Malam Shiru, Toka ta riga ta sani. Ta ce haushinka bai yi ba, ka dawo ka maimaita aji."

"In maimaitawa ce zai sa in riƙa ganinki, kada Allah ya sa in ci jarrabawar."

Ta karanta wannan ta kifa wayar a ƙirji, tana murmushi ita kaɗai. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Matsalar ta taso ne daga wani ɗan bidiyo. Shi ya ɗauka da izininta, tana rarrafe tana miyau, Shalele na biye da ita tana kwaikwayo, ya tura wa yayarsa don ta yi farin ciki. Yayar ta sa a zauren hira na dangi a waya. A zauren akwai 'yar ƙawar Hajiya, wadda ake kira Madam Turare don ƙamshinta yakan riga ta shiga ɗaki. Ta daɗe tana kai wa Hajiya gaisuwa da tsaraba, ba don Allah ba, don ɗanta Injiniya.

Ita ta fara rubutawa: "Ikon Allah! Wai wannan ce ake raɗe-raɗin za a kawo mana? A tanadi madara da kifi."

Dangi suka yi ta zuba hotunan dariya. Waɗanda ba su taɓa zama da Shalele na minti ɗaya ba, su suka fi kowa ƙwarewa a harkar. Hajiya ta rufe taron da saƙon murya: "Ni ɗana ba zai auro mini mai kukan dabbobi ba. Shi ma ba ya so, kunya ce ta hana shi faɗa."

Injiniya ya karanta duka, ya saurari duka. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya goge. A ƙarshe ya ajiye wayar.

Madam Turare ba ta bar ladan ya wuce ta ba. Ta nemo lambar Anti Mage ta tura mata hirar kaf, wai don "'yan'uwantaka ta mata".

Da yamma saƙon Anti Mage ya shigo masa.

"Dariyarsu ba ta dame ni ba, aikina ne kuma gobe ma zan yi miyau. Sunanka na yi ta nema a cikin hirar ban gani ba. Yarinyar da ba ta da kalma goma ta fi ka ƙoƙari. Ka ci gaba da kawo Shalele, amma ka riƙa jira a waje."

"Malamata, kin san zuciyata. Hajiya ce, sai a hankali."

"Na san babban yatsanka dai. Bakinka ban san shi ba."

Ya ji zafin maganar har cikin ƙashi, don gaskiya ce. Makonni ya yi yana zama a bencin baranda kamar wanda aka kora daga aji. Ita ma a ciki ba daɗi take ji ba, sau da yawa takan tsaya da burushin Toka a hannu ta manta abin da za ta ce. Amma ba ta leƙo ba.

Sai ranar da Hajiya ta ce da ita za a je. Ta gaji da wannan wasan banza, za ta cire jikarta da kanta, ta kuma ja wa mai kunnuwan roba kunne. Ta shigo da takalminta, Madam Turare na biye riƙe da jakarta, tana toshe hanci. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Anti Mage, ta rusuna.

Hajiya ta taɓe baki. "Ke ce malamar? To, daga yau..."

Shalele ta riga ta saki hannunta ta nufi keji. Ta nuna Toka, ta waigo. Hajiya ta ja tsaki ta miƙa hannu za ta zare sakatar.

"Don Allah Hajiya, a ɗan jira ta."

"A jira me? Ba kya ganin so take? Yarinyar da ba ta..."

"Kaka." Muryar Shalele ce, 'yar ƙarama. "Kaka, buɗe. Toka... fito."

Hannun Hajiya ya tsaya a kan sakatar. Tun da aka haifi yarinyar nan take ce mata "ce Kaka", ita ta yi tambayar ita ta ba kanta amsa. Ba ta taɓa ji daga bakinta ba sai yau. Ta buɗe kejin, hawaye na ɓata mata kwalli.

Amma Hajiya ba a yi ta don ta sha kaye a gaban mutane ba. Ta share ido ta gyara mayafi.

"To, an gode, Allah ya biya. Aiki daban, aure daban. Ɗana dai ya ce in gaya miki ba ya..."

Anti Mage ta juya ta fuskanci Injiniya, ta ɗan karkata kai, ta zuba masa ido da fara'ar nan da ya sani, ta yi shiru. Jiransa take, kamar yadda take jiran kowane yaro a ɗakin.

Shirun ya yi tsawo. Madam Turare ta buɗe baki, Shalele ta ɗora yatsa a leɓe ta ce mata, "Jira."

Injiniya ya cire takalminsa ya shigo. Ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa.

"Hajiya, ki gafarce ni, ban ce ba. Ban taɓa cewa ba. Ina son ta, ita nake so in aura, da kyanwarta da kunnuwanta. Albarkarki nake roƙo."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. "Ashe kana da baki?"

"Yanzu aka koya mini."

Ta dubi jikarta da ke rungume da Toka, ta dubi malamar. "Ke kuma sai ki cire wannan abin na kanki in ga fuskar surukata da kyau."

Madam Turare ta ajiye jakar a kan kejin zomo ta fice. Ƙamshinta ya ɗan jima kafin ya bi ta.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Dangin nan masu hotunan dariya su ne a sahun gaba, kowa na rantsuwa shi tun farko ya ga alheri a yarinyar. Hajiya ta haɗa hannayen ango da amarya ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, masu baki."

Ta ja numfashi za ta amsa wa kanta kamar yadda ta saba, sai ta fasa, ta yi shiru.

Daga jikin zanenta Shalele ta ɗago kai ta ce, "Amin."