Auta Ta Koma Layin Baya

Girman kai rawanin tsiya ne, shugaban mawaƙan cocin nan kuwa ya naɗa shi har kunne.

Shekara talatin yana jan ragamar mawaƙa. 'Yarsa Auta tun tana ƙarama ya dasa ta a layin gaba, cikin masu siririyar murya, wai 'yar shugaba ba ta tsayawa a baya. Kullum aka tashi gwajin waƙa maƙogwaronta na raɗaɗi, ba ta taɓa faɗa ba.

Ranar da sabon mai piyano ya zo, da aka tashi ya tambaye ta wa ya ce mata muryarta ta sama ce. Ta yi dariya, dariyar ta fito da kauri.

"Yawwa, ga muryarki nan," in ji shi.

Daga nan so ya kama. Ya ɗauko waƙar yabon da mahaifiyar Yesu ta yi, ya ɗora mata sabon kari mai murya huɗu, ya sa muryar ƙasa ta buɗe. Ya turo mata saƙo:

"Zumata, na gama. Baitin farko naki ne. In Baba ya hana, zan ajiye takardar waƙar har mu tsufa."

Ta amsa: "Ba za ta tsufa a aljihunka ba."

Baban ya hana kuwa. Ya kori manyan da suka zo neman aure, ya ce mai ɓata kari ba zai zama surukinsa ba, kuma duk wanda ya buɗe takardar ya bar masa bencin mawaƙa.

Ranar gwaji, Auta ta durƙusa a gaban kowa.

"Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma muryar nan Allah ne ya ba ni, kuma ba ta sama ya ba ni ba."

Ta miƙe ta koma layin baya, ta buɗe takardar, ta ɗauki waƙar. Kafin ta kai ƙarshen baiti, mawaƙa sun bi ta.

Fasto ya roƙi Baban, matarsa ta roƙe shi. Da ƙyar ya ce su yi aurensu, amma ƙafarsa ba za ta taka ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Aka ɗaura aure, coci ya cika, tsofaffi suka sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya.

Baban kuwa ga abin da ya rasa: shugabanci ya koma hannun surukin, ƙanen Baban ne ya riƙo hannun amarya, waƙar kuma sai a bakin maƙwabta ya ji labarinta.